Muryar da ke Cikin Rijiyar Hayaƙi

Mako uku Nata'ala bai zauna wuri ɗaya ba. Tun da ya tsinto faifan garmahon nan wajen wani mai tsofaffin kaya a kasuwar Ataba ta Alƙahira, aikin ofishin jakadanci ya gundure shi. Ya fara wasiƙa, ya tashi, ya leƙa titin unguwar Mohandessin, ya dawo. Sunan faifan Rijiyar Hayaƙi. Wasu Hausawan Sudan ne suka buga shi a Alƙahira a 1974, ba a kuma sake bugawa ba. Shi kuwa yana sharhin kiɗa a wata jaridar Kano, ya ci alwashin shi zai fara ba duniya labarinsa. Edita ya ba shi zuwa Alhamis.

Kiɗan ne ya hana shi sakat. Jita na jan ƙafa kamar mai zazzaɓi, ganga na zuwa a makare, ga ƙarar ruwa ana juyewa daga tulu zuwa tulu. A kan duk wannan ga muryar namiji, kakkaura, mai nauyi. Shafi huɗu ya cika da yabon muryar nan. Suna ɗaya ne a kwalin, Ishaq, sai ya naɗa Ishaq sarkin mawaƙan da aka manta. Nata'ala dai idan abu ya burge shi, ba ya tsayawa tambaya.

Ranar Laraba aka gaya masa matar marigayi Ishaq, Bakhita, tana nan unguwar Ard al-Liwa tana yi wa amare lalle. Da la'asar ya rungumi garmahonsa ya shiga tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, yana ta azalzalar direba. Jumla ɗaya kawai yake so daga bakinta ya rufe sharhin.

Ta ba shi shayi, ya karanta mata shafukan yana kaɗa ƙafa. Da ya gama ta ce Ishaq, Allah ya jiƙansa, jita ya iya, amma ko jariri bai taɓa rarrasawa da waƙa ba. Nata'ala ya ɗauka tsufa ne. Ya ɗora faifan, ya saukar da allura. Ta saurara tana yamutsa fuska, can ta miƙa yatsanta mai baƙin lalle ta ture maɓallin gudu daga talatin da uku zuwa arba'in da biyar.

Jita ta miƙe, ganga ta kama gudu. Ƙaton namijin nan ya ɓace, muryar budurwa ta fito, siririya, tana tsalle a kan kiɗan. Babban faifai ne, kowa a talatin da uku yake sa irinsa. Ishaq ne ya sa aka yi nasa da sauri, bai rubuta ko'ina ba. Kunya ta rufe Nata'ala, ya rasa inda zai sa takardunsa.

Ta ce muryarta ce. Mahaifinta malami ne a Omdurman, shi ya sa ba a sa sunanta a kwalin ba, kuma shekara talatin rabonta da jin faifan.

"Ma'alish, ba komai, ɗana," in ji ta. "Wancan karon sunana aka cire. Kai kuma ka mai da ni gardi."

"Inna, in rubuta sunanki?"

"Rubuta. Waɗanda nake tsoro duk sun mutu."

Ya juya shafi na farko ya fara rubutu a bayansa. Ita kuwa ta ɗaga allurar da kanta ta mai da ita farko.