Kilo Ɗaya na Malam Isyaku

"Ajiye akwatin nan, Malam, ka kama kafaɗata!" in ji Haruna, yana kiciniyar ɗaga maƙwabcinsa daga katifa.

Malam Isyaku bai ajiye ba. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, amma ya ƙanƙame ɗan akwatin ƙarfen da bai fi gwangwanin madara ba. Ƙaramin tauraron ɗan'adam ne, shi da ɗalibansa suka haɗa kafin ya bar koyar da kimiyya. Duk unguwar Darmanawa an san zancen: kuɗin roka kaɗai ya rage. Wani kamfani a ƙasar waje ya yarda ya ɗauka, amma awo ake kilo-kilo, kilo guda kuwa ya fi kuɗin gidan da suke ciki. Malam ya sayar da filinsa yana tara kuɗin. Duk sanda naira ta faɗi, farashin ya ƙara gudu ya bar shi.

"Likita ya ce wankin ƙoda!" Haruna ya faɗa yana huci, bayan ya zaunar da shi a bayan adaidaita sahunsa. "Kuɗi na kwance a banki, kai kana narkewa. Rokar ce za ta yi maka salla?"

"Na yara ne, Haruna. Alkawari na yi musu."

"Waɗanne yara? Sun watse! Mubarak ma caja yake sayarwa a kasuwar waya."

Inna Sa'adatu, matar Malam, ta shiga ta tallafe masa kai. A cunkoson Gyaɗi-Gyaɗi Haruna na ta danna hon, yana zazzaga wa wani mai tifa masifa, sai ya ji ta taɓa bayansa.

"Juya gida, Haruna," ta ce. "Malam ya cika."

Ranar sadakar uku wasu mutum biyu suka sauko daga farar mota. Daga wani ofishin gwamnati suke, inda Malam ya sha zarya neman tallafi ba a ko nuna masa kujera ba. Bayan addu'a, ɗaya ya gyara hula ya ce suna son akwatin, za su kai baje koli da sunan marigayi.

Haruna ya miƙe. "Da ransa, akwai wanda ya tambaye shi nawa ya rage? Ku tashi ku ba mu wuri!"

Sai da liman ya riƙo rigarsa. Mutanen suka lalubi takalmansu suka wuce.

Bayan la'asar jama'a suka watse. Haruna ya zauna a dakali, yana kallon wata buta da aka ture, ruwanta na bin ƙasa a hankali zuwa kwata.