Zuma Kofi Bakwai

Izu biyu suka rage wa Malam Abdulmumini ya kammala rubuta Alƙur'ani da hannunsa, sai yanar ido ta rufe masa na dama. Na hagu dama ya daɗe da tafiya. Wani mai ture yanar ido da allura ne ya caka masa a kasuwar Ɗambatta, ya gani tangaran har kwana tara, daga nan sai duhu. Asibiti sun ce tsufa da ciwon suga ne suka kawo yanar. Mutanen ƙauye sun ce hassada ce, kuma su suka fi yawa.

Da aka yi shelar likitocin ido za su zo aikin kyauta na yini ɗaya, malamai bakwai na unguwa kowa ya aiko masa da rubutun sha, an dama da zuma don ƙarin albarka.

"Malam, ai an ce ka guji zaƙi," in ji matarsa Raudatu.

"Wannan zaƙi ne? Ayoyi ne. Na wa kike so in mayar?"

Ya shanye kofi bakwai ɗin da safen ranar aikin.

A asibiti wata nas ta huda masa yatsa, ta duba na'ura, ta sake dubawa.

"Baba, me ka sha?"

"Ayoyi."

"Ayoyin nan dai da ɗan karen zaƙi."

Ta yi masa bayani. Aikin bai fi minti ashirin ba: a ɗan tsaga, a fitar da ƙwayar da ta yi fari, a sa ta roba. Amma da sugan nan ciwon ba zai warke ba, ruɓewa zai yi.

Malam ya laluba ya kama gefen tebur. "'Yata, izu biyu. Ki yi mini ko rabin gani ne. Shekara goma sha ɗaya ina rubutun nan."

"Ido ɗaya gare ka, Baba. Ba za mu yi caca da shi ba."

Ta ba Raudatu takardar zuwa asibitin Kano. Da la'asar likitoci suka naɗe kayansu suka tafi.

A bakin tasha Malam ya ji muryar da ba ya mantawa tana tallar maganin yana, yanzu har da lasifika. Kasuwa ta yi albarka.

"Kai ni wurinsa."

"Malam! Wanda ya kashe maka na hagu?"

"Kwana tara ya ba ni. Izu biyu ba sa wuce kwana takwas."

Raudatu ta dubi takardar Kano da ke hannunta. Shekara talatin ba ta taɓa ƙetare maganarsa ba. Ta kama sandarsa ta ja, suka ratsa masu rake da masu awara. Ta ce ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafa, ya zauna.

"Har kujera ya samu yanzu?" in ji Malam.

Aka ja ƙofa garam. Kwandasta ya buga jikin mota. "Kano, mu je!"