Ganye Ne, Ba Kifi Ba

A layin masu sayar da tsofaffin kayan tarihi, kowa ya san tsohon da ake kira Alƙali. Ba shari'a yake yi ba. Tagulla ake kawo masa: buta, tire, kaskon turare, tukunyar jan ƙarfe da ta yi kore don tsufa. Sai ya kifa ta, ya duba tambarin da maƙeri ya buga a gindinta, ya faɗi wanda ya ƙera ta. In ya faɗa, magana ta ƙare. Bai yi makaranta ba, sunansa ma da ƙyar yake zanawa. Amma shekara hamsin ba wanda ya taɓa dawo masa da kaya ya ce ya yi ƙarya.

Tun da hannunsa ya fara rawa ya bar ƙira, ya koma zama a shagon surukinsa, mijin autarsa. Kujera ɗaya gare shi a kusurwa, gefen taga, da ƙaramin tebur. Matarsa ta rasu, abokansa sun ƙare. Kusurwar nan ce ke tashinsa da safe.

Wata safiya surukin ya shigo da abu naɗe cikin tawul, baki har kunne.

"Baba, yau mun tsinci sa'a. Butar Mai Kifi ce."

Mai Kifi maƙeri ne da ya mutu tun kafin a haifi Alƙali. Tambarinsa ɗan kifi ne mai jela biyu. Butocinsa da suka rage ba su kai ashirin ba, gidan tarihi kuwa nemansu yake ruwa a jallo.

Alƙali ya karɓi butar. Tana ƙyalli kamar an lashe ta.

"Wa ya goge ta?"

"Ni ne. Ɗan mai kawai na shafa."

"Sau nawa zan hana ka? Kowace guga cin tambari take yi."

Ya kifa ta a cinyarsa, ya karkata ta wajen taga. Tambarin ya siɗe, sai ɗan kwarmi kamar ƙwayar kankana. A ƙarshensa akwai layi biyu da suka rabu, kamar jela. Ya bi jikin butar da yatsa. Sawun guduma na nan, ƙanana, jere da juna, duk sun kwanta zuwa dama. Mai bugu da hannun dama, nasa hagu suke kwanciya. Alƙali ya ɗaure fuska.

Ya buɗe gwangwaninsa, ya gutsuro kakin zuma, ya murza shi a tafin hannu har ya yi laushi. Ya manna shi a bakin wata siririyar sanda, ya zura ta wuyan butar har ƙasa, ya danna. Abin da ya sa yake haka, tambari bugu ne. Abin da ya lotsa ta waje yakan kumburo ta ciki, ciki kuwa hannun mai guga ba ya kaiwa. Ya zaro sandar a hankali, ya duba kakin.

"Ganye ne," ya ce.

"Wane irin ganye kuma, Baba?"

"Ganye mai kara ɗaya. Tambarin Bahago. Jelar nan da kake gani, da allura aka ƙara ta, aka cusa baƙin fitila a ciki. Ba ta yi sati ba."

Surukin bai tambayi wanda ya ƙara ba. Ya je ya tura ƙofar shagon, ya dawo ya durƙusa.

"Baba, ka saurare ni. Ƙarfe huɗu matar gidan tarihi za ta zo. Na riga na faɗa mata. Ta ce ba za su ɗauka ba sai ka sa hannu. Bahagon nan wa ya san shi? Ko jika bai bari ba."

"Ni na san shi. A wurinsa na koyi riƙe guduma."

"To ai kai da bakinka ka ce mugu ne."

"Mugu ne. Ga shaidarsa." Ya nuna wani tsohon tabon ƙuna a bayan hannunsa. "Har ya mutu ban yi masa gaisuwa ba. Amma shi ya yi butar nan."

"Ba ƙarya na ce ka yi ba. Ka yi shiru, ita za ta rubuta, kai ka zana sunanka."

"Sunan nawa ne zai yi ƙaryar ke nan."

Surukin ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa. Ladabin ya bar muryarsa.

"Shagon nan nawa ne. In ka kunyata ni gaban baƙuwa, ka san inda za ka kai kujerarka."

Alƙali ya ajiye kakin a kan tebur, ya rufe shi da murfin gwangwani. Wunin ranar ya zauna yana kallon titi ta taga. Ya san tagar nan kamar tafin hannunsa: ƙarfe nawa haske ke faɗowa kan tebur, ƙarfe nawa yake janyewa. Ya yi ta neman wani wuri a ransa inda mutum mai shekarunsa zai zauna a kawo masa aiki. Bai samo ba.

Ƙarfe huɗu matar ta zo, da jaka da tabarau. Ta gaida shi har da rusunawa. Ta fito da gilashin ƙara girma da wani littafi mai hotuna, ta daɗe tana duba gindin butar, tana duba littafin.

"Ta yi daidai," ta ce. "Ga jelar nan, ga tsawon. Baba, saura kai."

Surukin ya yi wuf ya miƙo takarda da alƙalami. "Idonsa ne ke damunsa kwana biyu, Malama. Ki cike, zai sa hannu."

"Idona lafiyarsa lau," in ji Alƙali. "'Yata, littafin nan naki, waje ya ɗauka ko ciki?"

"Waje, Baba. Ai nan tambari yake."

"Nan rabinsa yake."

Ya ɗaga murfin gwangwani, ya tura mata kakin. Ta sa gilashi ta duba. Ta koma kan butar, ta sake komawa kan kakin.

"Wannan ai ganye ne."

"Ba ki makance ba ashe."

"To jelar fa?"

"Ki lashi yatsa ki murza."

Ta murza. Yatsanta ya fito baƙi, layukan biyu suka haska ja, sababbi fil. Surukin ya fara cewa shi ma haka aka kawo masa, dillalai ba su da tsoron Allah. Matar ba ta dube shi ba.

"Waye mai ganyen, Baba?"

"Bahago ake ce masa. Da hagu yake bugu, dubi sawun. Mai Kifi bai fi shi hannu ba, suna ya fi shi. Cika ta da ruwa ki tsiyaya, in ɗigo ɗaya ya bi wuyanta ki zage ni."

Ta rubuta a ɗan littafinta. Ta ce gidan tarihi Mai Kifi ya aiko ta nema, ba ta da ikon ɗaukar wani. Ta yi godiya, ta tafi.

Alƙali bai jira a maimaita masa ba. Ya zuba sandarsa da tsummansa a aljihu, ya rungumi kujerarsa. Ta yi masa nauyi fiye da yadda ya zata. Sau biyu yana dire ta kafin ya tsallaka titi. Masu shaguna suka leƙo. Ya ajiye ta a jikin katanga, kusa da mai gyaran agogo, inda rana ke duka tun hantsi.

"Alƙali, an kore ka daga kotu ne?" in ji mai agogo.

"Matsa da kwalinka. Ka cika surutu."

Ba a daɗe ba Auta ta iso, mayafi a karkace, gwangwanin kakin a hannunta. Mijinta ya kira ta a waya ya faɗa mata.

"Haba Baba. A titi? Me mutane za su ce?"

"Su ce na zauna a titi."

"Ka zo mu je ka ba shi haƙuri. Kalma ɗaya. Wallahi zai sauko, na san shi."

"Haƙurin me?"

"Baba, saboda mutumin da ya ƙona maka hannu za ka rasa wurin zamanka?"

"Ba saboda shi ba ne. Ba ni gwangwanina."

Ta miƙa masa, idonta ya cika da ƙwalla. Ya buɗe, ya ga kakin mai ganye na ciki, ya rufe. Ya ɗora gwangwanin a gwiwarsa tun da babu tebur.

"Koma gidanki, Auta. Mijinki ne, ban ce ki yi faɗa da shi ba. Amma ki faɗa masa, babban tiren nan da ya rataye a saman kantar shago, ya cire takardar da ya liƙa masa mai cewa aikin hannu ne. Na kamfani ne, inji ya buga shi. Duk wanda ya tsallako titi ya tambaye ni, haka zan faɗa."