Awon Wandon Mai Shawagi

Tela yana warware wani tsohon ɗinki da reza sai haske ya ragu a bakin shago. Ya ɗaga kai. Mai Shawagi ne tsaye, mutumin nan da ke tashi sama yana ceton jama'a. Fuska a rufe kamar kullum, amma jan mayafin da ke kaɗawa a bayansa yau a ƙugu yake ɗaure.

"Wandona ne ya yage," ya ce da wata murya mai kauri, da ji ka san ta aro ce. "Na duƙa zan ɗaga tirela daga rami."

"Ta baya?"

"Ta baya."

"Shigo ka saki labule."

Dama hankalin Tela ba a shago yake ba. Kwana uku ke nan 'yarsa tana gidansa da akwatinta. Mijinta, mai karanta mitar wuta, ta aike shi sayen albasa da safe, ya dawo da yamma babu albasa, yana warin hayaƙi, ya kuma kasa faɗin inda ya je. Ba wannan ne na farko ba. Tela ya ce mijin ya zo yau ƙarfe biyar ya yi bayani, in ba haka ba akwatin ya samu wurin zama.

Amma ba kullum ake samun irin wannan baƙo ba. Ya ciro tef daga wuya.

"Can sama akwai sanyi?"

"Sosai."

"Ƙwari fa?"

"Ana rufe baki."

"Makulli a ina kake sawa? Ban ga aljihu ba."

"A safa."

Tela ya girgiza kai. Wanda ya ɗinka kayan nan bai taɓa zuwa kasuwa ba.

"Saki cikin nan, ba hoto za a ɗauka ba."

Cikin ya sauko. Ƙugu talatin da takwas. Ƙafar dama arba'in da ɗaya. Ta hagu arba'in da rabi.

Tela ya sake aunawa. Shekara talatin yana awo. Yakan manta fuska, yakan manta suna, amma bai taɓa manta ƙafa ba. Wannan rabin incin sau ɗaya ya taɓa gamuwa da shi, kuma shi da kansa ya rage shi a wandon da aka zo neman auren 'yarsa da shi.

"Ɗaga hannu," ya ce.

"To, Baba."

Muryar aron ta zame.

Tela ya mayar da tef wuya, ya koma bayan labule. Ya karɓi wandon ta saman labule, ya hau keke. Ya haɗe yagar, ya ƙara aljihu a gefen dama.

"Zare ɗaya na sa," ya ce yana miƙa shi. "Zai kai ka ƙarfe biyar, in ba ka ɗaga abin da ya fi babur ba. Ka gaya wa matarka gaskiya, in ƙara maka zare na biyu. Aljihun kuma na waya ne."

Biyar saura kaɗan aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Surukin ne cikin rigar aikinsa da wandon ɗazu, riƙe da ledar albasa, da ɗan gashin tsuntsu maƙale a bayan kunne. Ya gaida Tela kansa a ƙasa. 'Yar ta fito ta jingina da bango.

"Akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki," ya fara. "Ni ne..."

"Mai Shawagi. Sai kuma me?"

Tela ya juyo. "Ke kin sani?"

"Baba, wa kake tsammani yake wanke jan mayafin nan? Har zuba yake yi, ya ɓata mini zanen gado biyu." Ta dubi mijin. "Ni ba tashinka ne ya dame ni ba. Mutum ya ƙetare gari cikin minti ɗaya, amma ya kasa leƙowa ta taga ya ce zai yi latti?"

"Yanzu ina da aljihu," ya ce a hankali.

Ta karɓi ledar, ta leƙa, ta matsa albasa ɗaya ta ji ƙwarinta. Sannan ta nuna masa akwatin.

"Ɗauka. Kuma a ƙafa za mu tafi."

Ya duƙa zai ɗauka.

"Kai!" in ji Tela. "Lanƙwasa gwiwa. Zare ɗaya ne."