Ranar da Indo Ta Kira Sunan Ɗanta

Falalu mai rumfar waya ya kashe ɗan wansa da baki, alhali yaron yana raye, yana cin abinci, yana salla. Ba kuskure ya yi ba, ba kuma kunnensa ne ya yaudare shi ba. Gona yake so.

Wansa ya rasu tun da daɗewa, ya bar mata guda, Indo, da ɗa guda, Muhyiddeen, da gona a bakin titi wajen garin Dutse. Da Dutse ta zama babban birnin jiha, gonar da a da gero kawai take bayarwa sai ta zama abin da masu gini ke tsayar da mota su kalla.

Muhyiddeen ya karanci ilimin ƙasa da duwatsu. Ya fara aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyukan Miga da Jahun. Yakan kafa turakun ƙarfe a ƙasa, ya ja waya, ya tura lantarki, ya ce a haƙa nan ko a matsa can. Daga baya ya sami ƙarin karatu a ƙasar waje, har aka ɗauke shi a jirgin ruwa na masu binciken ƙarƙashin teku.

Indo ba ta taɓa kiran sunansa ba, domin ɗan fari ne. "Yaron nan" take cewa, ko "maigidanki" in tana magana da matarsa Zaituna. In ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaishe ta, sai ta kalli bango ta amsa. Amma kullum akwai fura a ajiye da ba ta ce ta wane ce ba.

A zuwansa na ƙarshe ya zauna a tsakar gidansu a Limawa yana yi wa Zaituna bayanin aikinsa, 'yarsu Nusaiba na kan cinyarsa. Indo na gefe tana tsince wake, ta ba su baya. Ya ɗauki faifai biyu, ya tura bakin ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ya ce haka ƙasan teku yake a wasu wurare, wani falle yana shigewa ƙarƙashin wani a hankali, yana tafiya da ruwa a cikin dutsensa, kuma a nan manyan girgizar ƙasa suke tasowa. Jirginsu yana jan doguwar waya mai aika lantarki cikin ruwa har ya ratsa dutse. Dutse mai ruwa yana barin lantarki ya wuce, busasshe yana tare shi. Ya ce aikin rijiya ne dai, sai dai wannan rijiyar ba mai sha.

Zaituna ta tambaye shi wa yake sauka ƙasa ya gano musu. Ya yi dariya ya ce ba kowa. Akwatuna suke jefawa, kowane da nauyin siminti a gindinsa, su nutse su zauna cikin duhu suna saurare. In an gama, jirgi ya dawo ya aika sauti cikin ruwa. Kowane akwati yana da nasa kiran. Da ya ji nasa sai ya saki simintin ya taso, da 'yar tuta a kansa. Wanda ba a kira ba yana nan a ƙasa.

Indo ba ta juyo ba. Amma hannunta ya tsaya a cikin waken.

Bayan ya koma da wasu watanni, rediyo ta faɗi cewa an yi babbar girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku, ruwa ya taso ya cinye garuruwa. A Limawa teku ɗaya mutane suka sani, kuma duk wanda yake teku yana wuri guda. Mata suka fara shigowa gidan Indo da fuskar jaje.

A lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa Dutse ba. Falalu yana da guda, ya kafa laima da benci a bakin titi, ana biya a kira, kuma ta nan Muhyiddeen yake aiko da saƙo gida. Falalu ya shigo gidan da idanu jajaye, ya ce shugabannin jirgin sun kira shi da Turanci, jirgi ya nutse, ba wanda ya fita. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tun ba a naɗe su ba ya fara zancen gado, domin Muhyiddeen ba shi da ɗa namiji, kuma baffa yana da rabo. Ya ma riga ya samo mai sayen gonar. In yaro ya dawo, zai ce Turancin ne ya ruɗa shi, gona kuwa ta riga ta tafi.

Abin da ya dogara da shi shi ne kunyar Indo. Ya san ba za ta tsaya gaban maza ta yi musu a kan ɗan fari ba. Mugun mutum yakan nemi kyakkyawar ɗabi'ar wani ya mai da ita igiyar ɗaure shi.

Indo kuwa ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi kuka a gaban kowa ba. Da mata suka zo cire wa Zaituna 'yan kunne don ta shiga takaba, sai ta riƙe hannun yarinyar ta ce a bari tukuna. Da suka keɓe a ɗaki, Zaituna ta kifa kai a cinyarta tana kuka, Indo tana shafa mata baya.

"Ke ba ki ji abin da maigidanki ya ce ba?" in ji Indo. "Abin da suka jefa a teku, sai an kira shi yake tasowa. Wa ya kira shi aka ga bai amsa ba?"

Washegari ta yafa mayafi ta tafi rumfar Falalu, ta zauna a ƙarshen benci. Ya tambaye ta wa za ta kira, ta ce ba kowa, iska take sha. Ya ce, Yaya, bai dace mai makoki ta zauna bakin titi ba. Ta ce ta ji. Gobe ta dawo, jibi ma ta dawo. Ta kalli yadda ake danna kore a amsa, a danna ja a kashe. Ta kuma lura akwai wani kira da yake shigowa da la'asar, wanda in Falalu ya duba sai fuskarsa ta sauya, ya danna ja, ya kife wayar.

Ashafa tela, wanda shagonsa ke kusa, shi ma ya lura. Ran nan da kiran ya shigo, ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya ce wa Falalu ko wata bazawara ce ta matsa masa, ya amsa mana, ba mai kai ƙara gida. Masu jiran layi suka yi dariya. Falalu ya yi yaƙe, ya kashe, ya ajiye wayar a tebur. Wayar ta sake yin ƙara.

Indo ta miƙa hannu ta ɗauka. Falalu ya tashi zai karɓa, Ashafa ya tsaya tsakaninsu ya ce a bar Inna ta taɓa waya ita ma. Ta danna kore ta kara a kunne. Da farko shuu kawai take ji kamar iska a cikin karan dawa. Sai murya ta zo daga nesa tana cewa, Baffa, Baffa, ka dai gaya musu ko?

Indo ta gyara riƙon wayar. Ta dubi mutanen da ke tsaye, maza da mata, duk sun san ta.

"Muhyiddeen," ta ce.

Mutanen rumfar suka dubi juna. Da farko ta zaci layin ya yanke. Sai ta ji yana dariya, dariyar da ke haɗe da kuka.

"Inna," ya ce, "ashe kin san sunana."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙa wa Ashafa wayar. Shi ne ya ji sauran. Jirgin yana wani tekun daban, mai nisa ƙwarai da inda aka yi girgizar. Tun washegarin ranar Muhyiddeen ya kira baffansa ta wayar jirgin, ya ce a gaya wa Inna da Zaituna lafiyarsa lau. Falalu ya ce to, za su ji.

Indo ta koma gida ba ta tsaya gaisa da kowa ba. Ta tarar da Zaituna a bakin murhu, ta zauna kusa da ita, ta gyara mata ɗan kunnen da ya karkace, ta ce maigidanta yana gaishe ta. Sannan ta ɗauki Nusaiba ta goya, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa.

Mai unguwa ya kai maganar kotun shari'a, Ashafa da masu jiran layi suka ba da shaida. Alƙali ya rushe cinikin gonar da Falalu ya riga ya ƙulla, ya yanke wa Falalu bulala ashirin. An yi masa su a harabar kotu, a gaban jama'a.