Linyar da Ba Ta Tofa Tawada Ba

"Fitilar babana ce," na ce.

"Babanka shekara huɗu ke nan yana kwance bayan coci," in ji barba Jakov, ko ɗago kai bai yi ba. "Fitila ba gona ba ce, balle a ce an bar maka gado."

"Shekara talatin yana tsayawa a nan."

"Kai kuma sau nawa ka zo tun da ya rasu? Yatsun hannu ɗaya ma sun yi maka yawa."

Tsofaffin da ke jere a kan gadar tashar jirgin ruwa, waɗanda muke kira barba, suka yi dariya. Fitila biyar ce a gadar, kowace da mai ita, ba a rubuce ba, amma kowa ya sani. Linya, halittar tekun nan mai hannuwa da yawa da ke feso baƙar tawada, haske take bi. Wanda ya samu ƙarƙashin ta uku, inda ruwa ya fi zurfi, ya gama samu, ita kuwa muke jayayya a kanta.

Na ce masa tsoho mai haɗama. Na ce ko babana yana raye ma hassada yake yi masa. A gaban Tonka na faɗa, 'yar yayata, mai shekara shida, tana riƙe da gefen wandona. Barba Jakov zarensa kawai ya ci gaba da ja yana saki.

Muka koma can ƙarshen gada, inda fitila ta biyar take lumshewa tana farkawa.

Tonka ta sa farar riga a kan rigar sanyi. Da kanta ta zaɓe ta. A garinmu linyar farko da yaro ya kama sai ta tofa masa tawada, kuma ba a wanke rigar. Tawa tana cikin akwatin mama har yau. Baban Tonka yana aiki a jirgin dakon kaya, wata bakwai bai dawo ba, gobe Lahadi zai kira ta bidiyo. Ta yi masa alkawari zai ga rigar. Ni kuma na yi mata alkawari. Tun da na gama sakandare ban cika wani alkawari ba, shi ya sa yayata Marijeta ta kalle ni kawai da muka fito.

"Kawu Lovre, haka?"

"A hankali. Ki ɗaga, ki saki. Ki bar shi ya nutse."

Kifin roba mai zoben ƙugiyoyi da ke bakin zarenta ya sauka, ya hau. Awa ɗaya. Awa biyu. Daga can muna jin ƙarar linya tana faɗawa bokitin barba Jakov, ɗaya bayan ɗaya. Tonka ta ci burodinta da cuku. Ta tambaye ni ko linya tana barci. Ta tambaye ni ko tamu fitilar ba ta da lafiya ne. Daga baya ta daina tambaya, hannunta ya yi sanyi, ta jingina da turken fitila, zaren yana naɗe a yatsanta, idonta ya rufe.

Barba Jakov ya tashi ya nufi bayan rumbun raga don ya yi fitsari.

Ban yi tunani ba. Ko na yi, ban tsaya ba. Na wuce kamar mai miƙe ƙafa, na sa hannu a bokitinsa, na tura linya guda cikin hannun rigata. Santsi, sanyi. Na dawo, na jawo zarenta a hankali, na soke ta a ƙugiya, na mayar cikin ruwa.

"Tonka. Tonka! Akwai nauyi, ja!"

Ta zabura. Ta ja da hannu biyu, tana ihu, "Ta zo! Kawu, ta zo!" Duk gadar ta ji. Tsofaffin suka ajiye zarensu suka taho, haka ake yi. Barba Vicko mai gurguwar ƙafa yana cewa, "Riƙe ta kusa da ƙirji, 'yar nan! Rufe ido, kar ta yi miki kwalli!"

Ta rungume ta a ƙirji. Ta rufe ido gam. Tana jira.

Ba abin da ya faru.

Linya mai rai ja ce, jikinta yana walƙiya yana sauya launi, tana hura ruwa. Wannan fara ce fat, ta saki hannuwanta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na manta barba Jakov yana matse musu wuya da babban yatsa da zarar ya fito da su, su yi fari nan take. Shi kaɗai ke yin haka a gadar. Shaidar yatsan tana nan, kowa yana gani.

Barba Vicko ya yi tari. Wani ya juya yana kallon teku. Hannun rigata yana ɗiga.

Sai ga barba Jakov ya dawo yana gyara bel. Ya dubi linyar. Ya dubi hannun rigata. Bai dubi fuskata ba, na kuwa so ya duba, na so ya zage ni da sunan babana.

Ya durƙusa a gaban Tonka, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Kar ki buɗe ido tukuna, gimbiya. Akwai masu rowa a cikinsu. Irin na ƙarshen gada duk haka suke, sai an roƙe su."

Ya zaro 'yar wuƙarsa, ya tsaga cikin linyar, ya matse jakar tawadar. Baƙi ya fantsama a farar rigar, har haɓarta.

"Kai! Ta yi miki mugun aiki!" in ji barba Vicko, da ƙarfi fiye da kima. Suka tafa. Tonka ta buɗe ido ta ga ƙirjinta, ta yi tsalle. Wani ya ba ta alewa daga aljihu.

Barba Jakov ya goge wuƙar a wandonsa. Da zai wuce ni ya ce a hankali, "Gobe ta zo ƙarƙashin ta uku. Ita. Kai ka tsaya a baya ka riƙe mata rigar sanyi."

"Barba..."

"Ka matse hannun rigarka, kana wari."

Na goya Tonka muka hau gangaren gida. Linyar tana cikin leda a hannunta, tana bugun ƙirjina duk taku. Na ɗauka ta yi barci. Fitilar kicin tana kunne, Marijeta na tsaye a bakin ƙofa. Ta ga rigar, ta rufe baki da hannu, sannan ta kalle ni irin kallon da ta daɗe ba ta yi min ba.

"Kai ka yi wannan, Lovre?"

Na sauke Tonka. Ta ɗaga ledar tana duba abin da ke ciki a hasken ƙofa, ta daɗe.

"Kawu," ta ce, "ta mutu ne kafin in kama ta, ko bayan na kama ta?"