Kunnen Baba a Cikin Waya

Shekara biyu 'yar wani bakanike ta yi tana naɗar kukan injinan motoci a garejin mahaifinta, shi kuma yana gaya mata ciwon kowanne. So take ta koya wa wata manhajar waya sauraro irin nasa. Da ta ɗora wa kwamfutarta aikin, sai ta nuna wata bakwai zai ci.

Ana nan jami'a ta buɗe wa masu ƙananan sana'o'i babbar kwamfutarta, wadda ta cika ɗaki guda. Aka ba yarinyar awa shida, cikin huɗu aka gama.

Washegari wani direba ya kawo motarsa tana kakari. Tsohon mahaifin nata ya karkata kai, ya yi murmushi. "Bari wayar taki ta fara faɗa."

Ta kara ta kusa da injin. "Baba, wai famfon ruwa ne."

Ya kwashe da dariya har sifana ta suɓuce masa. "Wallahi shi ne! Ni sai da na yi furfura na gane wannan kukan."

Direban ya ce, "To, wa zan gode wa?"

"Ni mana," in ji tsohon. "Waya tana kwance noti ne?"